Ranar Da Man Gyaɗa Ya Tayar Da Inji A Paris

A shekarar 1900 an yi gagarumin baje koli a birnin Paris. Cikin kayan da aka nuna har da wani ƙaramin inji irin wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya ƙirƙiro, yana ta aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana son ƙasashen Afirka da ta mallaka su riƙa tayar da injinansu da abin da suke nomawa.

Sai dai man girki yana da kauri, ya ninka na dizal kusan sau goma. Shi kuwa injin dizal fesa mai yake yi cikin iskar da aka matse har ta yi zafi. Mai mai kauri ba ya fesuwa da kyau, don haka ba ya ƙonewa duka, sai ya bar dauɗa ta toshe bakin mafesar.

A 1937 wani masani a Jami'ar Brussels ta Beljiyam, mai suna Chavanne, ya yi rajistar maganin matsalar. Ya haɗa manja da sinadarin itanol, gilisarin da ke ɗaure ƙwayoyin man uku-uku ya rabu, man ya tsinke. A 1938 wata motar bas ta yi jigila da shi tsakanin Brussels da Louvain. Wannan shi ne man da yau ake kira bayodizal.

To me ya bambanta ƙonewarsa? Dizal kusan kabon ne da haidurojin kawai, duk oksijin da zai ci wuta da shi daga iska yake samu. Inda iskar ta gaza, kabon ya dunƙule ya fito baƙin hayaƙi. Bayodizal kuwa kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne, shi ya sa hayaƙinsa bai kai baƙin na dizal ba. Amma oksijin ɗin nan ba ya ba da zafi, don haka lita guda ba ta kai mota inda litar dizal ke kai ta.

Arahar man fetur ce ta sa aka jingine wannan ilimi, har sai da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 1973, aka koma ana kakkaɓe tsofaffin takardu.