“Har yanzu bai gama lakwal ba?” Tarihin masu dogon karatu daga ƙasar Tasawa



Makon jiya na je suna a Kona, sai wata gwaggota ta jawo ni gefe ta ce: “Kai da kake magana a rediyo, hwaɗa mini gaskiya. Ƙanen nan naka, wane irin karatu ne da ba ya ƙarewa? Sa'o'insa duk sun yi aure, wasu da ɗiya biyu, shi kullum memuwar, memuwar. Ko dai faɗuwa yake yi yana ɓoye muna?” Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina, don na san gidaje da yawa tsakanin Tasawa da Mayahi da ake irin wannan tambaya, kuma na san yaran da suka aje karatu saboda ita. Shi ya sa yau na ce bari mu koma baya kaɗan, mu ga inda dogon karatun nan ya samo asali a ƙasarmu, da yadda masu yin sa suke rayuwa.

A tsarin da jami'o'inmu ke bi yanzu, wanda ake kira LMD, bayan bak yaro yana yin shekara 3 ya samu lisans, ya ƙara 2 ya samu mastar, sannan aƙalla 3 kafin doktora. Shekara 8 ke nan in komai ya tafi daidai, ba yajin aiki, ba ciwo, ba rashin kuɗi. A ƙarshen mastar ana rubuta memuwar, a ƙarshen doktora ana rubuta tez. Bambancinsu da sauran karatu shi ne ɗalibi ne da kansa zai nemo abin da ba a rubuta ba, ya rubuta shi, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Na gaya wa gwaggo abin bai yi nisa da na tsangaya ba. Gardi yakan bar gida shekaru, ya tafi gabas, ya yi ta satu yana kai wa malam allo ana gyara masa, har ranar da zai rubuta Alƙur'ani da ka a kira shi alaramma. Ba wanda ya taɓa cewa gardi ya lalace don ya daɗe. Da ta ji haka sai ta yi shiru.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, mutumin da babbar jami'ar ƙasar nan ke ɗauke da sunansa a Tasawa aka haife shi. Abdou Moumouni Dioffo ya zo duniya ranar 26 ga Yuni 1929. A zamaninsa Nijar ba ta da jami'a, yaron da ya yi ƙwazo sai an tura shi makarantar William Ponty a Senegal, in ya ƙara ƙwazo ya haye teku zuwa Faransa. Hanyar da ya bi ke nan. A Paris ya karanci kimiyyar fizik, a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon, wadda ko 'ya'yan Faransawa ke faɗuwa a cikinta da yawa. Ya koyar a Dakar, ya tafi Gine ya taimaka bayan ƙasar ta ce wa De Gaulle a'a a 1958, ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro ilimin makamashin rana, ya yi aiki a Bamako. Babbar doktora ta ƙasa kuwa sai a 1967 ya same ta, yana da shekara 38. In da gwaggo ce uwarsa, Allah kaɗai ya san sau nawa za ta tambaya ko ya gama.

Ɗaliban Afirka na wancan lokaci suna zaune cikin sanyi da kewar gida, wasiƙa tana yin makonni kafin ta iso. Ba kwamfuta, ba intanet. Mutum zai wuni a ɗakin karatu yana kwafe abin da ya karanta a kan 'yan ƙananan katuna, ya jera su cikin kwali, in ya zo rubutu ya buga da tafireta, kuskure ɗaya ya sa a sake shafi gaba ɗaya. Hutunsu ma rabinsa siyasa ne. A 1950 suka kafa ƙungiyar FEANF ta ɗaliban baƙar fata na Afirka a Faransa, Abdou Moumouni yana cikin na farko-farkonta, kuma hirarsu ta dare ba ta wuce yadda za a kori mulkin mallaka da irin makarantar da za a gina bayan an kore shi. Daga irin wannan tunani littafinsa L'Éducation en Afrique ya fito a 1964, inda ya kare cewa a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Ya dawo gida a 1969 ya riƙe ofishin makamashin rana, ONERSOL, ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Zango na biyu shi ne na Yamai. An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, can hayin kogi, Harobanda. Ɗan Tasawa ya huta da jirgin ruwa, amma tafiyar fiye da kilomita 700 tana nan, kuma ya sauka garin da ake jin Zabarmanci a kasuwa. Yayyenmu da suka yi zamanin suna ba da labarin ɗakin mutum biyu da ke kwanar da mutum biyar ko shida, don ba a barin ɗan gari ya kwana waje, da layin resto da tikiti a hannu, da burs da ake jira kamar ruwan farko. Wanda ya kai shekara ta huɗu yana rubuta memuwar na metiriz da hannu, ya kai wa mai tafireta ya biya shafi-shafi. Mai son doktora kuwa galibi sai ya sake fita, Dakar ko Abijan ko Faransa, wasu su gangara Zariya da Kano. Manyan masana tarihinmu ma a waje suka kare aikinsu: André Salifou da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, da Djibo Hamani da ya rubuta na Adar da na Ayar.

Wannan zango yana da ranar da ba a mantawa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka taso daga jami'a za su haye gadar Kennedy zuwa cikin gari, suna adawa da tsuke bakin aljihun da aka ɗora wa ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, hukuma ta ce mutum 3 suka mutu. Jinin nan yana cikin abin da ya tura ƙasar zuwa jam'iyyu da yawa da Babban Taron Ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991, kuma wanda ya shugabanci taron shi ne André Salifou ɗin nan mai tez a kan Damagaram. Shekarun da suka biyo baya sun zo da yajin aiki da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum, har yaron da ya shiga da niyyar shekara 4 ya yi 6 ko 7 ba da laifinsa ba. A lokacin ne kuma fada ta yaɗu a garuruwanmu, samari masu takarda ba aiki suna zagaye da butar shayi.

Zango na uku shi ne namu. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta Damagaram sunan André Salifou, ta Tawa sunan Djibo Hamani. Yau daga Tasawa zuwa ƙofar jami'a wajen kilomita 120 ne, uwa tana iya aika wa ɗanta gero da ƙuli-ƙuli da safe su isa kafin la'asar. Hanyar da ta kai Abdou Moumouni bayan teku ta dawo tafiyar rabin wuni.

To amma nauyin yana nan yadda yake. Na zauna kwana uku a ɗakin ƙanena, na ga yadda ranarsa take. Bayan asuba yake fara rubutu, don lokacin ne garin ke da sanyi kuma kwamfuta ke da caji. Ƙarfe takwas ya tafi wata makaranta mai zaman kanta inda yake koyar da lissafi, don da kuɗin nan yake biyan haya da sayen megabait. Da rana ya ci dambu ko shinkafa da wake a bakin titi, ya koma neman takardun da wasu suka rubuta a kan abin da yake bincike, rabinsu da Turancin Ingila da bai yi a lise sosai ba, wasu kuma sai an biya kafin a buɗe. Babi ɗaya sau huɗu yana kai wa malamin da ke duba aikinsa, yana dawowa da jan biro. A watannin zafi in aka ɗauke wuta sai ya kwashi kwamfuta ya tafi shagon mai caji da faifan sola. Duk wanda ya yi rubutu tsakanin Agusta 2023 da Maris 2024, lokacin da Najeriya ta yanke muna wuta, ya san abin da nake faɗa. Ranar na ce masa, ga shi hasken ranar da ɗan Tasawa ya ƙare rayuwarsa a kai shi ke ceton memuwar ɗinka.

Hutunsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Bayan isha'i ana haɗuwa a fada, a dafa shayi na ɗaya da na biyu da na uku, a buga belot, a yi gardamar Real da Barsa kamar gonar gado ake rabo. Lokacin kokowar takobi kowa ya manne da rediyo yana bin 'yan Maraɗi. Wani dare a kalli fim ɗin Kano a waya. Kada ku raina zaman nan, a nan ne wanda ya riga ya kare nasa yake nuna wa na baya yadda ake tsara tambayoyi, a nan ake aron kwamfuta, a nan ake haɗa wa wanda kuɗin buga takardunsa ya gaza. Wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, littafi guda ta rubuta a 2019 a kan fada ta samarin Nijar. In damina ta faɗi kuma, mai mastar ɗin nan gida yake dawowa ya ɗauki hauya kamar kowa.

Ga 'yan mata abin ya ninka. Ita tambayar da ake yi mata ta aure ce, safe da yamma. Na halarci sutanans ɗin wata da ta tsaya gaban juri jaririnta yana hannun ƙanwarta a bayan ɗaki, ta yi bayaninta, ta amsa tambayoyin malamai ɗaya bayan ɗaya, aka fitar da mu, aka sake kiran mu kowa ya miƙe tsaye aka karanta sakamako. Uwarta ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, amma da ta ga malamai suna tafi sai ta rangaɗa guɗa.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya. Yankinmu ya daɗe yana ciyar da tez ɗin wasu. Guy Nicolas da Claude Raynaut sun yi shekaru suna bincike a ƙauyukan Maraɗi. Emmanuel Grégoire ya fitar da littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, Barbara Cooper ta fitar da nata a kan aure a Maraɗi a 1997. Daga kudu, Yusufu Bala Usman ya kare doktorarsa a Zariya a 1974 a kan tarihin Katsina, tarihin da ba ya cika sai an haɗa da Maraɗi da Tasawa. Sun yi aiki mai kyau, kakanninmu suka shimfiɗa musu tabarma suka ba su labari. Sai dai yawancin abin da aka rubuta yana cikin harshen da masu labarin ba sa ji, a ɗakunan karatun da ba za su taɓa shiga ba.

Yau 'ya'yanmu ne ke zuwa da littafi da biro. Ƙanena a kan gawo yake aiki, yadda manoma ke barin 'ya'yan itace su tashi cikin gona da abin da hakan ke ƙara wa gero. Ya gaya mini akwai gidan da aka ce masa in ba buhu ya kawo ba ya wuce, don an ɗauka ɗan wani furoje ne. Akwai kuma tsohon da ya riƙe shi tun hantsi har azahar yana nuna masa itacen da ubansa ya hana a sare tun yunwar 1984. Shafi goma ya samu daga bakin tsohon nan, abin da ba ya cikin kowane littafi.

Don haka roƙona biyu ne. Iyaye, in kun ga yaro ko yarinya da takardar tambayoyi, ku ba su ruwa ku ba su amsa ta gaskiya, kuma in naku ne ke dogon karatu ku tambaye shi me yake bincike kafin ku tambaye shi yaushe zai gama. Ku kuma ɗalibai, in an tafa muku an ci shinkafar walima, kada aikin ya ƙare a kan kanta. Ku koma garin da kuka yi tambayoyi ku faɗa musu da Hausa abin da kuka gano, ko ku zo rediyo mu ba ku minti talatin. Wanda bai iya bayyana memuwar ɗinsa ga gwaggonsa ba, da sauran aiki a gabansa.

Ita dai tawa gwaggon ta ce ranar sutanans da ita za a tafi, kuma in an tashi a aje mata kujerar gaba. Allah ya ba masu karatu sa'a, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.