Daga Buhara zuwa Bafarawa: Yadda Gari Ke Shiga Sunan Mutum a Ƙasar Gobir

Wanda ya duba rajistar makarantu a Isa ko Sabon Birni zai ga sunayen garuruwa iri biyu a jikin sunayen yara, kuma hanyar da kowane iri ya biyo daban ce.

Na farko su ne waɗanda suka zama sunan yanka. Buhari asalinsa nisba ce ga birnin Buhara, a Uzbekistan ta yau, mahaifar Imam Muhammad ɗan Isma'il, mai Sahihi, wanda ya rasu a 870. Jelani kuwa daga Jilan ne ta ƙasar Iran, yankin Shehu Abdulƙadir, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Yawan masu wannan suna a ƙasar Sakkwato bai rasa nasaba da ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka riƙe. Uban da ya raɗa wa ɗansa Jelani, waliyyi yake nufi da neman albarkarsa. Iran ba ta ko zo masa a rai ba. Nisan wurin ne ya ba sunan damar shiga bakin liman ranar suna.

Na biyu garuruwan gida ne, kuma su ƙarshen suna suke tsayawa. Tun kafin zuwan Turawa ana cewa wane na Isa, ko Bagobiri. Makaɗin fada Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, da garinsu Tubali ake haɗa sunansa. Boko ce ta mayar da wannan al'ada rubutacciya: Muhammadu sun yi yawa a aji, ga kunyar ambaton sunan uba, sai malami ya rarrabe su da garuruwansu. Haka aka sami Shehu Shagari da Aminu Kano. A nan yankin misali mafi girma shi ne Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, gwamnan Sakkwato daga 1999 zuwa 2007, wanda sunan garinsu na ƙaramar hukumar Isa ya kusa shafe sunansa na yanka. 'Ya'ya sukan gaji irin wannan suna ko da a Abuja aka haife su.

Sunan Gobir ya fi ɗaukar hankali, domin ƙasa ce da ta rasa babban birninta. Birnin, wato Alƙalawa, ya faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani daga cikinsu, Ɗan Halima, ya kafa Sabon Birni. Saboda haka idan mutumin Sabon Birni, kamar tsohon Sanata Ibrahim Abdullahi Gobir, ya ɗauki wannan suna, a ganina asali da tarihi yake shelantawa fiye da adireshi. 'Yan uwansu na Tsibiri, da suka gaji tsarin takardun Faransa, galibi sunan uba suke sawa a ƙarshe.

Isa ita ce mai rikitarwa: a takarda ba a gane ko gari ake nufi ko uba mai sunan Annabi Isa. A baki "na Isa" da "ɗan Malam Isa" sun raba gardama, amma fom ɗin katin ɗan ƙasa bai tanadi gurbin waɗannan kalmomi ba.