Injin da Ba Ya Shan Ruwa: Bitil da Fitocin Suame

Wanda ya bar kasuwar Kejetia ya miƙi hanyar Techiman da Tamale ba zai yi nisa ba sai ƙarar guduma da tartsatsin walda su tare shi. Nan ne Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, inda ake ƙiyasta mutum wajen 200,000 ke neman abinci. A shekarun 1930 masu gyaran mota suka fara taruwa kusa da tsohuwar ma'ajiyar makamai ta Turawan mulki a cikin gari, wadda a Turance ake kira magazine, daga nan sunan ya samo asali. Da gari ya cika, aka mayar da su Suame a 1962, suka tafi da sunansu.

Mutanen zango ba baƙi ba ne a wannan harka. Kakanninsu sun yi fataucin goro da jakai ta Salaga, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, daga baya lori ta karɓe hanyar arewa. Fataken suka koma masu mota, 'ya'yansu suka zama direbobi, yaran mota, masu sayar da kayan gyara. Har yau direban da ya sauko daga Nijar ko Burkina Faso da mota mai ciwo, sau da yawa da Hausa zai yi ciniki a Magazine.

Cikin motocin da suka ratsa hannun fitocin wancan zamani, Volkswagen Bitil da 'yar'uwarta Kombi na da matsayi na dabam. Injinsu a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, kuma babu lagireto. Fanka ce ke hura iska ta cikin rufin kwano, ta bi kan silinda ta kwashe zafi. A ƙasar da ruwan rijiya ke toshe lagireto da tsatsa, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Matatar iskarsa ma ta mai ce, tana kama ƙurar hunturu, a wanke ta a mayar. Daga 1975 aka fara harhaɗa Bitil a Ojo da ke Legas, abin da ya ƙara yawanta a Afirka ta Yamma.

Amma abin da ya mai da Suame makaranta shi ne wahala. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1983 tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, kuɗin waje ya yi ƙaranci, sabon kayan gyara ya ɓace daga kantuna. Motar da ta lalace, ko dai a ƙirƙiro mata abin da ya mutu ko ta zama ɗakin kaji. Sai fita ya koyi haɗa inji ɗaya daga gawar uku, ya yanka gasket da hannu, ya kai ƙarfe wurin mai injin gurza a fitar masa da irin wanda ya karye. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar ITTU a tsakiyar Magazine, ta kawo injinan gurza da dabarun narka ƙarfe. Wannan mataki ya cancanci yabo, domin malaman sun bar ofis sun je inda aikin yake.

Injin Bitil ya dace da irin wannan zamani. Kusoshi huɗu ne ke riƙe shi da giya. Mutum biyu da jak sun isa su sauke shi kafin azahar, kuma babu abin da ke cikinsa da ido ba zai gani ba.

Yaron da aka kawo koyo, bayan iyayensa sun gaisa da maigidan gareji an yi yarjejeniya, ba ya taɓa inji da wuri. Watanni zai yi yana wanke kusoshi da fetur, yana miƙa sifana, yana sayo koko da ƙosai. Ranar da aka kawo tsohon inji na hannu, a nan karatu ke farawa. Masta zai kama fulin da ke bakin inji da hannu biyu, ya ja ya tura. In ya ji ƙwas-ƙwas, ya san ƙarfen ciki ya ci gidansa, kuɗin injin ya faɗi ke nan. Zai kwance filogi ya dubi bakinsa: baƙi da toka, fetur ya yi yawa, fari fat, inji na ƙuna, jiƙe da mai, ringi ya gaji. Sai ya ce, "Kai yaro, zo ka duba na uku." Yaron ya ce, "To, Masta," ya durƙusa.

Na ukun nan shi ne mai laifi kullum. A tsofaffin injinan, na'urar sanyaya mai tana tsaye cikin rufin fanka, daidai kan hanyar iskar da ke zuwa silinda ta uku, saboda haka iskar ta riga ta ɗumama kafin ta iso. Bawul ɗinta ne ke fara ƙonewa, wani lokaci kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin. Sai a 1971 kamfanin ya matsar da na'urar waje.

Saiti kuwa da sassafe ake yinsa, inji na sanyi, shi ya sa ake cewa mai mota ya bar ta ta kwana. Bawul ake fara yi, a bar tazarar milimita 0.15, ana zura siririn ma'auni har a ji yana ɗan kamawa. Daga nan a koma kan kwantak, milimita 0.4. Wuta na bin silinda ta 1, 4, 3, 2, kuma da ɗan ƙwan fitila da waya biyu ake gane lokacin tashinta. Kafireta ita ce ta ƙarshe. Sabon shiga kan fara da ita, ya yi ta murɗa sukuru, alhali ciwon na wani wuri. Wanda ya ƙware yakan karkata kai ya saurari salansa, yana juya sukudireba kaɗan-kaɗan har bugun ya daidaita.

Akwai abu biyu da tsohon fita ba ya yafewa. Na farko, a cire wani kwano daga rufin inji a jefar don wai ya tare hannu, alhali shi ke tilasta wa iska bin hanyarta. Na biyu, sakaci da fanbel. Bel ɗaya ne ke juya dinamo da fanka, in ya tsinke jar fitila ta kama, direban da ya ce bari ya lallaɓa zuwa gida ya dafa injinsa. Baƙin mai ma lita biyu da rabi ne kacal, babu matata sai 'yar raga, don haka duk kilomita 5,000 ake juye shi.

Bitil ta ƙarshe ta fito daga Puebla a Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Motocin da ke shigowa Magazine yanzu kwamfuta ke sarrafa su, abin da ya sa ƙungiyar masu sana'ar wurin, SMIDO, wadda aka kafa a 2006, ta dage kan koya wa fitoci aiki da na'urar gano ciwo. A 2013 masu sana'ar Suame suka haɗa kai da wasu 'yan Holan suka ƙera motarsu, Turtle 1, a 2020 kuma Volkswagen ta fara harhaɗa sababbin motoci a Accra, dukansu masu shan ruwa.

Mai tsohuwar Bitil a yau sai ya yi cigiya lungu-lungu kafin a nuna masa dattijon da ya san ta. Yaran garejin sun fi sanin babur da keken pragya da ke jigila a Aboabo da Asawase. Yawancin injinan nan ma iska ke sanyaya su, kuma su ma sai sun huce ake saita musu bawul.