Giginya da Goriba a Ƙasar Mafara

Tun kafin zuwan kwano da siminti, giginya da goriba ne jigon gini da sana'ar hannu a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Itatuwan biyu suna son ƙasa mai ruwa kusa, shi ya sa suka yawaita a fadamun kogin Sakkwato.

Daga gangar giginya ake tsaga azara. Magina kan jera ta a rufin soro, su shimfiɗa zana, sannan su yaɓa ƙasa, domin gara ba ta cin azara da sauƙi. 'Ya'yan giginya kuwa akan binne su a rami, bayan 'yan watanni a tone muruci, a dafa, a kai kasuwa.

Goriba ta fi shahara da kabarta. Akan yanko kabar, a shanya, a tsaga, a rina wani sashe ja ko baƙi, sannan a saƙa tabarma da igiya da mafici. Yara kuma su gwagwiyi ɓawon 'ya'yanta mai zaƙi.

Babban sauyi ya zo da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Tafkin ya shanye fadamu, an kuma baje gonaki domin noman rani, itatuwa masu amfani da yawa suka salwanta. Rikicin diyya ya kai ga kashe manoma a 1980.

Yau azara ta yi tsada, tabarmar roba ta rage wa ta kaba kasuwa. Giginya kan ɗauki shekaru da dama kafin ta yi 'ya'ya, don haka mayar da gurbin wadda aka sare aiki ne na dogon lokaci.