Tambayar da ta girmi na'urar hoton ciki

Idan mace daga Kafinsoli ta je awo a Babban Asibitin Kankiya, da wuya ta tashi daga gaban ma'aikaciyar jinya ba a tambaye ta ba: “Hajiya, yaushe kika ga jininki na ƙarshe?” Sau da yawa kunya kan sa ta sunkuyar da kai, ko ta amsa da “wajen ƙaramar Sallah”. Amma a kan wannan amsa ake gina lissafin da zai iya tserar da rai biyu.

Ƙidayar kwanakin haila ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Tun kafin zuwan asibitin Turawa, ɗalibai suna karanta babin haila a Ahalari da Risala, domin salla da azumi da idda duk sun rataya a kansa. Ungozoma kuwa da ganin wata take lissafi, ta ce ciki wata tara ne. Ba ta yi kuskure ba: daga shigar ciki zuwa haihuwa kimanin kwana 266 ne, wato wata tara na Musulunci kusan cif.

Matsalar ita ce babu mai ganin ranar da ciki ya shiga. Abin da mace ke gani, ta kuma iya tunawa, shi ne jini. Daga nan likitocin Turai suka kama bakin zaren. Herman Boerhaave na Jami'ar Leiden, wanda ya rasu a 1738, shi ya fara tsara lissafin, sannan Franz Karl Naegele na Heidelberg a Jamus ya yaɗa shi a 1812, har ƙa'idar ta ɗauki sunansa. Ana ɗaukar ranar farko ta jinin ƙarshe, a ƙara kwana 7, a ƙirga wata tara gaba. Wadda jininta ya fara ran 1 ga Janairu, ana sa ran haihuwarta ran 8 ga Oktoba: kwana 280, mako 40. Da wannan ma'auni ake gane bakwaini, wanda ya zo kafin mako 37, da cikin da ya zarce mako 42 har ya zama haɗari.

Ƙarni na 20 ya ƙara wa tambayar nauyi. A 1956 Alice Stewart ta Oxford ta nuna alaƙa tsakanin hoton ƙashi da ake ɗaukar masu juna biyu da cutar daji a 'ya'yansu. Sai kuma maganin thalidomide, wanda aka janye a 1961 bayan ya nakasa jarirai fiye da 10,000. Tun daga lokacin likita ke tambaya kafin ya rubuta magani ko ya tura mace ɗaukar hoto, ko da zazzaɓi ne ya kawo ta. Haka nan ciwon mara tare da ɓatan wata na iya nufin ciki ya zauna a wajen mahaifa, abin da kan kashe cikin sa'o'i idan ya fashe.

Na'urar hoton ciki, wadda Ian Donald ya gabatar a Glasgow a 1958, ta fi ƙwaƙwalwa daidaito, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 a yi hoton sau ɗaya kafin mako 24. Sai dai ba kowane ƙaramin asibitin karkara ke da ita ba, kuma daidaitonta na raguwa idan ciki ya tsufa. Ga macen Kafinsoli da ta fara awo a makare, ranar da ta riƙe a kanta ko ta rubuta a bangon kalanda ita ce shaidar da likita zai fi dogara da ita.