Kalmar da Aka Ƙirƙira Domin Wanda Aka Zalunta

A ranar 29 ga Nuwamba 1985 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin mutanen da aka yi wa laifi. Ta cika shekara 40 a 2025, amma manomin Unguwar Hajji ko na Rogo da aka kore wa shanu cikin dare, har yau shaida kawai ake ɗaukarsa a kotu.

Fannin da ke nazarin irin wannan mutum sunansa biktimoloji. Tushensa "victima", kalmar Latin da Rumawa ke kiran dabbar da ake yankawa don bauta, sai aka haɗa ta da "logos" na Girkanci, wato ilimi. A kan wanda ya fara haɗa su ne ake gardama. Wasu na cewa Fredric Wertham ne, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, a littafinsa na 1949. Wasu kuma suna kawo Bajamushe Hans von Hentig, saboda littafinsa na 1948 a kan mai laifi da wanda ya cuta. Ni dai ina tare da Benjamin Mendelsohn, lauya ɗan Romaniya, wanda ya yi amfani da kalmar a wata lacca a Bukares a 1947. Ya riga su, kuma shi ne ya nace cewa a mai da abin fanni mai zaman kansa.

Sai dai tafiyar ta faro da ƙafar hagu. Mendelsohn ya kasa waɗanda aka cuta gida shida, gwargwadon yadda suka jawo wa kansu abin. Wannan tunani bai mutu ba. Shi ne ake ji idan an sace mutum aka ce, "Me ya fitar da shi da daddare?" Sai bayan taron masana fannin da aka yi a birnin Kudus a 1973 da kafa ƙungiyar duniya ta fannin a Jamus a 1979 aka karkata sosai ga maganar haƙƙi da biyan asara.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a nan. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, almajirai na karanta babin jini a Risala a zaurukan malamai: diyyar rai raƙuma 100, kuma waliyyan mamaci ke da zaɓin kisasi ko yafiya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Ya kamata masu gabatar da ƙara a kotunan Karaye da Rogo su riƙa neman wannan biya tun kafin a yanke hukunci.