Na'urar yanka faifan garmaho: aikinta, matsalolinta da yadda ake kula da ita

A garuruwan da ke arewa da birnin Kano, kamar su Ɗambatta da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, kalmar faifai tana da ma'ana biyu. Akwai faifan da mata ke saƙawa domin rufe ƙwarya ko sheƙar hatsi, akwai kuma baƙin faifan da ake ɗorawa a kan garmaho, wanda ya ari sunansa daga na farkon saboda kamannin da suka yi. Dattawa da dama na iya tuna zamanin da akan taru a ƙofar gidan mai garmaho domin jin muryar mawaƙa.

To sai dai ba kowa ya san cewa kowane faifai daga kan wata na'ura guda ya samo asali ba, wato na'urar da ke yanka sauti a jikin faifan farko. Ƙura da zafi da rashin tsayayyar wutar lantarki su ne manyan abokan gabarta, biyu na farkon kuma su ne ke cinye tsofaffin faya-fayan da suka rage a hannun jama'a.

Taƙaitaccen tarihi

A shekara ta 1877 Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar magana a Amurka, sannan a 1887 Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da shimfiɗaɗɗen faifai. Faya-fayan farko suna juyawa ne kimanin sau 78 a minti guda, kuma ana yin su da wani irin ƙaro mai suna shelak. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai na roba mai juyi 33 da sulusi, a 1949 kuma RCA Victor ya kawo ƙaramin faifai mai juyi 45.

Tun tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a birnin Landan, kuma Hausa na cikin harsunan da aka ɗauka. Daga bisani kamfanoni irin su Decca da EMI sun kafa rassa a Legas, kamfanin Tabansi kuma ya kafa masana'antar buga faifai a Anaca. EMI ya fitar da faya-fayan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Har ila yau kaɗe-kaɗen da masani Ba'amurke David Ames ya ɗauka a ƙasar Hausa a farkon shekarun 1960 sun fito a faifai biyu cikin jerin hukumar UNESCO. Zuwan kaset, mai araha da sauƙin kwafa, shi ne ya kawar da faifai daga kasuwannin arewa.

Yadda na'urar ke aiki

Duk wanda ya taɓa ganin garmar shanu tana tsaga ƙasa zai iya fahimtar aikin. Ana ɗora wani faranti na alminiyon da aka shafe da fenti mai laushi a kan wani teburi mai nauyi da ke juyawa. A samansa akwai kan yanka, mai ɗauke da allura ta dutsen yakutu. Sautin da ke fitowa daga tef ko kwamfuta yana shiga kan ne a matsayin lantarki, ya bi ta naɗin waya da ke tsakanin maganaɗisu, sai allurar ta riƙa karkarwa daidai da sautin.

Yayin da farantin ke juyawa, wani dogon sukurun ƙarfe yana jan kan a hankali daga baki zuwa tsakiya. Ta haka ake samun siririn layi guda ɗaya mai zagaye, wanda tsawonsa a fuska guda ta dogon faifai kan kai kusan rabin kilomita. Ana ɗumama allurar da wata 'yar waya domin ta yanka fentin sumul, wani bututu kuma yana zuƙe zaren fentin da ake ferewa.

Bayan an gama, sai a fesa wa farantin ruwan azurfa, a tsoma shi cikin ruwan sinadari har ƙarfen nikel ya hau kansa, daga nan a fitar da hatimin da za a riƙa danna robar da shi. Saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen yanka zai bayyana a kowane kwafi, ko da dubu nawa aka buga.

Fitattun na'urorin su ne na kamfanin Scully na Amurka da na Neumann na birnin Balin a Jamus, musamman samfurin VMS 70 da VMS 80. Neumann ya daina ƙera su tun kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce, don haka waɗanda ake aiki da su tsofaffi ne, sai da lallami.

Matsaloli da alamominsu

Mataki na farko ga mai binciken matsala shi ne ya yanka layi babu sauti, ya duba shi da madubin ƙara girman abu da ke jikin na'urar, sannan ya saurare shi. Lafiyayyen layi yana da sheƙi da santsi, kuma shiru ake ji.

Idan aka ji ƙarar "shuu", to ko dai allura ta dakushe, ko zafinta ya yi ƙasa, ko kuma fentin ya tsufa ya bushe. Idan zafin ya yi yawa kuwa, zaren kan ƙone ya manne wa allura, gefen layin kuma ya kumbura. Allurar yakutu ba ta daɗewa, ana lissafa rayuwarta ne da sa'o'in aiki, shi ya sa injiniyoyi ke rubuta lokacin da aka ɗaura ta.

Idan bututu bai zuƙe zaren ba, sai ya naɗe a allura ya ɓata layin. Yawanci toshewa ce, ko yoyon iska, ko bakin bututun ya goce. Wannan zare yana da matuƙar haɗari, domin sinadarin fentin dangin na tsohon fim ɗin sinima ne, da ya ga tartsatsi sai ya kama wuta. Shi ya sa ake tara shi cikin kwalba mai ruwa, a kuma zubar da shi a kai a kai.

Idan muryar mawaƙi tana hawa da sauka kamar mai jiri, to gudun teburin ne bai tsaya daidai ba. Sai a duba bel da boris da man da ke cikinsu. A nan ne batun lantarki ke shigowa. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, ta Amurka kuma sau 60, kuma injin tsofaffin na'urori da wannan bugu yake auna gudunsa. Na'urar da aka ƙera domin Amurka za ta yi jinkiri da kashi ɗaya cikin shida idan ba a gyara ta ba, janareta mai hawa da sauka kuwa zai sa gudun ya riƙa rawa.

Gurnani mai zurfi alama ce ta girgiza, ko daga injin, ko daga daɓen ɗakin, ko daga manyan motocin da ke wucewa. Maganinsa shi ne a girke na'urar a kan kankare mai kauri, a daidaita ta da ma'aunin magina, a kuma fitar da famfon iska zuwa wani ɗaki.

Akwai kuma batun zurfi. Idan layi bai yi zurfi ba, allurar mai sauraro za ta riƙa tsalle, idan kuma ya zarce, allurar yanka za ta taɓa alminiyon ta karye nan take. Kazalika idan layi ya matsi ɗan uwansa, akan ji inuwar sauti kafin sautin ya iso, ko layukan su haɗe. Domin kauce wa haka, na'urar na da wani sashe da ke jin sautin kafin ya kai ga allura, ya buɗa tazara idan babban kiɗa na tafe. Kiɗan tambari ko ganga mai kauri yana cin fili da yawa, saboda haka fuskar faifai mai irin wannan kiɗa kan fi gajarta.

Mafi tsadar ɓarna ita ce ƙonewar kan yanka. Tun daga 1954 aka amince da ƙa'idar RIAA, wadda ta tanadi a rage sauti mai kauri a kuma ƙara siriri wajen yanka, garmahon lantarki ya mayar da su daidai wajen saurare. Sakamakon haka, sirarin sautuka irin na algaita da kuge, da haruffan "s" da "sh" da "ts" a bakin mawaƙi, suna tura wuta mai yawa cikin naɗin waya har ya yi zafi. Ana sanyaya shi da iskar hiliyom, ana kuma sa masa makashin wuta na kariya. Wanda ya cire wannan kariya domin ya ƙara ƙarfin sauti ya sayi asara da kuɗinsa, ganin cewa masu iya sake naɗa kan ƙalilan ne a duniya.

Kulawa ta yau da kullum

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Ana goge hanyoyin da kan ke bi, a sa musu man da ya dace, a duba sukurun ja, a share bututu, a kuma auna sauti da faifan gwaji kafin aiki. Ɗakin ya kasance a rufe, mai sanyi daidai wa daida. Ƙwayar ƙura guda ta hunturu ta isa ta bar ƙara a jikin faranti, zafin bazara kuma, da kan haura digiri 40 a Kano, yana sauya laushin fentin. Farantin da aka yanka ba a ajiye shi, ana gaggauta kai shi wurin zuba ƙarfe cikin 'yan kwanaki.

Halin da sana'ar ta shiga

A farkon shekarun 1980 kamfanonin Teldec da Neumann sun fito da hanyar yanka kai tsaye a kan tagulla da allurar daiman, amma fenti bai daina amfani ba. A watan Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters da ke garin Banning a jihar Kalifoniya, wadda ke samar da mafi yawan farantan duniya, lamarin da ya bar kamfanin MDC na Japan da ɗaukar nauyin. Hakan ya faru ne a daidai lokacin da kasuwar faifai ke farfaɗowa, domin a 2022 yawan faya-fayan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na CD.

Darasi ga masu tsofaffin faya-fayai

Ga iyalan da suka gaji faya-fayai a ƙauyuka da birane, wannan sani na da amfani. A jera su a tsaye cikin rigunansu, nesa da rana da ɗakin kwano mai zafi, domin roba na lanƙwashewa. Kada a goge faifan shelak da sifirit, yana narkar da shi. Kada a ɗora faifan roba a garmahon wani mai allurar ƙarfe, zai kankare layin, allurar ƙarfen kuma ana sauya ta bayan kowace fuska.

Wanda ya fi bukatar gaggawa shi ne farantin fenti, irin wanda gidajen rediyo suka riƙa yankawa kafin yaɗuwar tef. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak. Idan ya fara fitar da farar hoda ko ɓawo, kada a wanke shi, kada kuma a gwada shi a gida. A miƙa shi ga wata jami'a ko gidan adana kayan tarihi domin a kwashe sautin zuwa kwamfuta, tun kafin fentin ya zube da muryar da ke cikinsa.